Kwamfutar da Ba Ta Mutuwa Sai a Argungu

Shekarata goma sha ɗaya ina gyaran kwamfuta a Badariya, kuma in faɗi gaskiya, ina ji da kaina. Shagon ba wani babba ba ne, teburi biyu ne da fanka da kujerar baƙi mai gajeriyar ƙafa ɗaya. Amma duk wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi a Birnin Kebbi, in ya gama yawonsa wurin maza sun canza masa abin da bai lalace ba, ƙarshe shagon Rauda yake faɗowa. A lokacin ina da doka guda wadda ba na karyawa: kwamfuta ita ke zuwa wurina, ba ni ke zuwa wurinta ba.

Wata Asabar a farkon bazara sai ga Ummi da kwali a ka. Tare muka yi sakandare, ita ta zama malamar firamare a Argungu, ni na zama mai sukundireba. Ta sauke kwalin a teburi a hankali, kamar mai sauke ƙwai, ta ciro akwatin kwamfuta baƙi, irin na kan teburi.

"Ta Malam ta," in ji ta. "In an kunna sai ta tashi lahiya lau. An jima kaɗan ta ɗauke ɗif, ba sallama."

Malam Labbo mahaifinta ne. Na san shi da suna, kamar yadda kowa a Argungu ya san shi, amma ban taɓa jin malamin fiƙihu mai shekara saba'in da doriya yana hulɗa da kwamfuta ba. Na tambaye ta me yake yi da ita, ta ja kujerar nan mai gajeriyar ƙafa ta ba ni labari.

Kakanta, mahaifin Malam, malami ne a Augie. Shekara arba'in manoman fadama suna kawo masa rigimarsu: gulbi ya cika ya janye ya tafi da iyakar gona, wa ke da sabuwar ƙasar da ya bari? An haɗa hannu an yi shinkafa ruwa ya ci rabi, yaya za a raba saura? Duk amsar da ya bayar ya rubuta ta, da ajami da Larabci a cakuɗe, da wani ƙaramin rubutu nasa wanda tawadarsa ta koɗe. Shafi ɗari biyu da 'yan kai. Duk duniya mutum ɗaya ne ya rage mai iya karanta hannun, shi ne Malam Labbo, kuma hawan jinin ido ya riga ya cinye masa idon hagu, ya kama na dama. Shi ne Ummi ta ɗauki hoton shafukan ta zuba a kwamfuta, aka haɗa da babban allo. Sai ta buɗe shafi ta ƙara masa girma, Malam ya karanta a fili, ita tana rubutawa a littafi.

"Shahi nawa sunka rage?" na ce.

"Sittin da biyu. Likita yac ce idon ba shi jiran kowa, Rauda. Don Allah kak ki riƙe ta."

"Kwana biyu," na ce mata, har da ɗaga yatsu.

Da na kwance murfin gefe, ƙamshin turaren wuta ne ya fara yi mini maraba. Fankar da ke sanyaya ƙwaƙwalwar na'urar ta yi danƙo, launin ruwan ƙasa, kamar an shafa mata zuma ta bushe. Na yi murmushi, na ce aikin ma bai kai na kwana biyu ba. Kwamfutar da ke mutuwa bayan ta yi ɗan aiki, zafi ne zargin farko, ko ɗan koyo ya san wannan. Na wanke fankar da sifirit, na goge ƙarfen da ke ƙarƙashinta, na shafa sabon man sanyaya, na ɗaure. Na kunna ta na sa ta aiki mai nauyi yini biyu cur, ina duba zafinta lokaci-lokaci. Ko tari ba ta yi ba. Na ba direban da Ummi ta turo, na ce ya gaya mata a rage turare kusa da ita.

Kwana uku sai ga waya. Ta sake.

Ummi ba ta samun zuwa sai Asabar, kuma ba ta yarda ta ba direba ita a zuwa, sai dai a komawa in na matsa. Don haka kwamfutar ta yi kwanaki a ajiye kafin ta iso. Na kunna ta a gabanta, ta tashi, muka zauna muna kallonta kamar masu jiran tuwo ya sulala. Awa biyu muna hira, ba ta mutu ba.

"Wutarku ta," na ce. "Wutar da ka yin sama da ƙasa ita ka kashe kwamfuta."

"Sola muka aiki da ita."

"To, inbatarku ta."

Ni dai na riga na sami mai laifi, ba na son a ƙwace mini shi. Na cire tukunyar wutar da ke ciki, wadda ke karɓar wuta daga bango ta rarraba wa sauran kaya, na sa sabuwa dal. Tsohuwar na auna ta da mita, lafiyarta ƙalau, amma na ce a raina wata cutar ba ta nuna kanta a mita. Na gwada kwana uku, na mayar.

Karo na uku Ummi ta shigo ba ta ko zauna ba. Ta ce da asuba takan kai rabin awa, da azahar kuwa ko minti goma ba ta yi. Wannan magana ai zafi take nunawa da yatsa, na kuma ji ta sarai. Amma ni na auna zafin da hannuna a wannan teburin, bai taɓa wuce kima ba, don haka na yi tambayoyin da aka saba don in sauke nauyi.

"Ɗakin akwai iska?"

"Taga biyu da fanka."

"Ƙasa kuka aje ta? Bisa kafet?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Ƙasa? Haba Rauda."

Na ce to, ba zafi ba ne. Na zare ram, 'yan siraran katunan nan biyu, na goge bakinsu na mayar ɗaya bayan ɗaya. Na sa gilashin ƙara girma na bi babban farantin da kome ke manne a jikinsa, ina neman abin da ya kumbura ko ya ƙone. Na ga wani ɗan tabo kusa da gefe, wanda yau in an rantsar da ni zan ce tun daga kamfani yake, na ce yauwa, ga ɓarawon. Na aika Kano a nemo mini faranti irinsa. Kwana tara kafin ya iso. A kwana taran nan akwai kwamfutoci uku lafiyayyu a ƙarƙashin teburina waɗanda masu su suka manta da su, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai in ba Malam aron ɗaya ba. Kullum gani nake gobe za a gama.

Na canza farantin na mayar da ita, ina cewa yanzu in ban da akwatin kusan ba abin da ya rage na da. Ranar Laraba da hantsi Ummi ta kira. Muryarta a kwance, ba faɗa.

"Ta sake. Amma Malam yac ce a bar ta haka nan. Yac ce kar a ƙara wahal da ke, kin yi iyakar ƙoƙarinki."

Da zagina ta yi da na sami abin ramawa. Wannan maganar kuwa ta tsaya mini a rai yini guda. Na ƙirga a yatsa, mako biyar ke nan tun da ta fara sauke kwalin nan. Washegari Alhamis na zuba mita da sukundireba a jaka, na rufe shago, na nufi tasha.

Hanyar Argungu a wannan lokaci ta motocin albasa ce. Suna tafe a karkace, buhu kan buhu, warin yana shigowa ta taga ya zauna a mayafi. Can ƙasa fadama ta yi kore shar da shinkafar rani, injinan ban ruwa suna ta ƙugi, ga rana tun kafin ƙarfe goma ta fara gasa ƙeya. Ina zaune a tsakiya tsakanin wata mai tallar kifi da wani mai barci, ina ta jera cututtukan da ban bincika ba. Wayar bango, soket, allon kansa. Har na fara tunanin ko ɓera ne.

Ummi ta nemi izini a makaranta, ta tare ni a ƙofar gida. Muka wuce zaure muka shiga ciki, na durƙusa na gaida mahaifiyarta, Inna Maryamu, wadda ta ƙi barin in taɓa kome sai na sha fura. Sannan aka kai ni ɗakin Malam. Ɗaki ne mai tsabta, rufin kwano ba silin, taga biyu da fanka kamar yadda aka gaya mini. Littattafai jere a kanta har sama. Malam na zaune a kan buzu, siriri, fari tas da furfura, ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji motsina.

"Allah shi gafarta Malam."

"Ɗiyata, ke ta da kanki? Mun wahal da ke."

Na ga babban allon a kan ɗan teburi, na ga maus. Na duba ƙarƙashin teburin, na duba gefe.

"Ina kwamfutar?"

Ummi ta nuna sama. Na bi wayoyin da ido, suka hau bango, suka wuce littattafai, har saman kanta, taƙi biyu tsakaninsa da kwanon rufi. A can aka ɗora wani abu mai kusurwa huɗu, sanye da jan fata mai kauri, da zanen kore da baƙi, da tuntaye a gefe, da marfi mai maɓalli. Gafaka ce, irin wadda ake ajiye Alƙur'ani a ciki, sai dai ban taɓa ganin mai girmanta ba. Badukun da ya ɗinka ta gwani ne, Allah ya sani. Ya auna ta daidai jikin na'urar, ba inda iska za ta kurɗa. A baya ya huda 'yan ramuka daidai kaurin waya, a gaba ya bar ɗan gurbin yatsa don kunnawa. A ƙasan kantar ga kasko yana hayaƙi a hankali.

Gani ya kori ji. Mako biyar ina kwance ciki ina ɗaurewa, ina zargin wutar mutane, ashe baiwar Allah a cikin rigar fata take, a ƙarƙashin kwano, a bazarar Kabi.

"Ummi," na ce a hankali, "mi yas sa ba ki hwaɗa min ba?"

"In hwaɗa miki mi?"

Da gaske take tambaya. Ita a wurinta ba wani abin faɗa ba ne, kamar a ce mutum ya je asibiti ya gaya wa likita yana sa hula. Duk ranar da za ta kawo mini, sai ta zare ta daga gafakar ta sa a kwali, don kada ƙurar mota ta ɓata fatar. In ta dawo ta mayar. Tun lokacin sanyi aka ɗinka ta, mako guda bayan an zuba shafukan, kuma ba ta fara mutuwa ba sai da zafi ya shigo.

Na hau kujera na kunna ta yadda take, na tsaya da agogo. Minti takwas ta ɗauke. Na sauko da ita, fatar har ƙona tafin hannu take yi. Na durƙusa gaban Malam na ce, da izininsa, wannan rigar ita ce cutar, sai an cire.

Bai yi fushi ba, amma na ga bakinsa ya tsuke.

"Ɗiyata, kin san abin da ad ciki? Akwai ayoyi, akwai sunan Allah ga kowane shahi. Hannun mahaihina na. Ba ni barin shi tsirara kamar rediyo."

Na buɗe baki zan yi masa bayanin yadda hoto yake zama a cikin na'ura, sai na rufe. Wa ni da gardamar fiƙihu da Malam Labbo a ɗakinsa? Na zare ta daga gafakar, na ajiye a kan teburi, na jira ta huce, na kunna. Sannan na nemi ya ba ni hannunsa. Ya miƙo, Ummi ta kama ta kai shi bayan akwatin, daidai bakin fanka. Iska mai ɗumi ta riƙa busa masa tafi.

"Ta nan taka hidda zahi, Malam. Ta gaba taka shaƙar mai sanyi. In an toshe, sai ta kashe kanta don kar ta ƙone."

Ya bar hannun a wurin ya daɗe. Inna Maryamu ta leƙo daga ƙofa tana jiran hukunci, don ita ce ta kai wa baduku awon, ita ce kuma mai kaskon.

"Ashe lumfashi taka yi," in ji Malam. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa, dariya yake yi ba sauti. "Labbo, ka tsuhwa. Wane littahi aka karantawa cikin gahwakatai? Ai sai an hiddo shi. In an ƙare a maida."

Shi ke nan, shi ya yanke da kansa. In za a yi karatu a zare ta, in an kashe ta huce a mayar mata da rigarta. Aka yarda ta zauna a kan teburi, tunda teburi ba ƙasa ba ne. Inna Maryamu ta ɗauke kaskonta tana cewa ita dai ba ta ga abin da turare ya taɓa ɓatawa ba.

Na bar ta a kunne, na ce sai ta tsallake azahar zan yarda da ita. Muka ci shinkafa da kifi, rana ta take a tsaka, kwano yana ƙara don zafi. Malam ya fita masallaci ya dawo. Awa uku da rabi, fankarta tana juyi lafiya. Raina ya yi fari, har na fara shirya yadda zan ba da labarin a Badariya, da ɗan ƙarin gishiri.

Ummi ta ɗauko littafinta da biro. Malam ya taso daga buzu, aka zaunar da shi a kujera gaban allo. Ta ce tunda ina nan in riƙe maus, ita ta ji da rubutu. Na buɗe shafin da suka tsaya, na ɗari da arba'in da uku. Takarda mai launin ƙasa, rubutu ƙanana kamar sawun tururuwa.

"Layi guda aka cika allon da shi," in ji Ummi. "Haka shika karantawa."

Na ƙara girman har layi ɗaya ya cika allon daga gefe zuwa gefe. Malam ya juya kansa, ya kawo idon dama kusa.

"Ƙara, ɗiyata."

Na ƙara. Rabin layi.

"Ƙara."

Kalma uku. Biron Ummi yana tsaye a kan takarda, bai motsa ba.

"Ƙara kaɗan."

Na ƙara har kalma ɗaya ta cika allon, kowane baƙi kamar tafin hannu, gefensa duk ya tarwatse. Malam ya matso har numfashinsa yana taɓa gilashin. Ya ja baya, ya goge idon da bakin rawani, ya sake matsowa.

"Allon ga kamar ya yi duhu bisa ga da. Ko wurin gyara kin rage haskenai?"

Allon bai taɓa zuwa shagona ba, amma duk da haka na duba. Wallahi ban taɓa neman cuta a jikin na'ura da zuciya ɗaya kamar ranar ba. Na shiga wurin haske, yana kan ɗari. Na zare wayar allon na hura na mayar. Na rufe taga ɗaya, na buɗe. Ina addu'a in sami wani abu da ya kwance, ko ya ƙone, ko ni na ɓata da hannuna, don in gyara. Allon yana haske tar, har idona yana yaji.

"Ban rage ba, Malam," na ce. "Ya kai ƙarshe."

Ummi ta sunkuyar da kai a kan littafinta. Ba ta dube ni ba, kuma na gode mata da ba ta duba ba. Ba wanda ya ambaci mako biyar ɗin, amma ni na san inda suka tafi, na san kuma daga idon wa aka cire su. Tafiyar awa guda ce daga shagona zuwa ɗakin nan. Kunya da baƙin ciki suka taru suka danne ni, na rasa inda zan sa hannuna.

"To," in ji Malam. "Alhamdu lillahi."

Ya gyara zama. Ya sa yatsa a gilashin, ya bi baƙin farko daga sama zuwa ƙasa, ya bi na biyu, leɓensa yana motsi. Ya koma farko ya sake bi. Can ya faɗi kalmar a fili, Ummi ta rubuta.

"Matsa gaba, ɗiyata."

Na matsa zuwa kalma ta biyu. Har aka kira la'asar layi biyu muka yi, shafin kuma layi ashirin da ɗaya ne. Na ji ƙarar motocin Birnin Kebbi suna lodi a bakin titi, ban tashi ba. Malam ya je ya yi salla ya dawo, ya lalubo kujerar ya zauna, ya tambaye ni ko na gaji. Na ce ban gaji ba. Ya kawo fuskarsa jikin allon, ya ɗaga yatsa yana neman inda baƙin ya fara.